Gadar Bishegrad da Bashin Mugunta

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu bi, ko da shi ke ba kullum a ke furta ta cikin majami'a ba. Idan aka yi wa mutum mugunta, daga baya kuma alheri ya fito daga cikin muguntan nan har mutane da yawa suka amfana, me za mu ce game da muguntar? Alherin ya biya bashinta ke nan? Ko kuwa ita ce ta ƙazantar da alherin, har bai kamata mai tsoron Allah ya taɓa shi ba? Muna so mu duba wannan magana tare da masu karatu, amma ba a iska ba. Za mu ɗora ta bisa wata gada ta dutse wadda ta ke tsaye har yau a wani ƙaramin gari na ƙasar Bosniya, cikin Turai ta kudu maso gabas.

Sunan garin Bishegrad, sunan kogin kuwa Dirina. Kogi ne mai ƙarfi, ruwansa kore, yana fitowa daga tsakanin manyan duwatsu. A dā babbar hanya daga Sarayebo zuwa Istambul, birnin da kakanninmu su ke kira Santambul, ta nan ta ke ƙetarewa, kuma sai da jirgin fito. Wanda ya taɓa zama a bakin Binuwai ko Gongola da damina yana jiran masu fito, da kaya a kā da yara a hannu, ya san abin da wannan ke nufi. A shekara ta 1571 aka fara gina gada a wurin, aka gama a 1577. Tsawonta mita 179 da rabi, watau kusan ƙafa 590. Tana tsaye bisa bakuna 11, irin ginin da maginanmu ke kira bakan gizo, sai dai nasu da ƙasa da azara su ke ɗaurawa, wannan kuwa da sassaƙaƙƙen dutse. A tsakiyarta an faɗaɗa ta, aka yi dakali na dutse inda mutanen gari za su zauna su sha iska, aka kafa allon dutse mai rubutu da ke ambaton wanda ya sa aka gina ta.

Mutumin nan shi ne Mehmed Basha Sokolu, babban wazirin sarkin Turkawa. (Daularsu ita ma Usmaniyya a ke ce mata, amma kada a haɗa ta da ta Sakkwato, sunan kawai ya zo ɗaya.) Ya riƙe wazirci daga 1565 har 1579, a ƙarƙashin sarakuna uku, Sulaimanu da Salim na 2 da Murad na 3, ya kuma auri 'yar Salim. A zamaninsa babu mai iko kamarsa daga Bagadaza har iyakar Hangari, in ban da sarkin kansa. Amma shi ba Baturke ba ne. An haife shi a wani ƙauye da a ke kira Sokolobici, ba nisa da Bishegrad, cikin gidan Kirista na Ekklesiyar Otodoks. Turkawa suna da wata al'ada a lokacin, suna kiranta debshirme, ma'ana tattarawa. Bayan 'yan shekaru sai manzannin sarki su zaga ƙauyukan Kirista, su zaɓi yara maza masu lafiya da basira, su tafi da su. A kan musuluntar da su, a sāke musu suna, a koya musu harshen Turkanci. Mafi yawa su kan zama sojan sarki. Kaɗan da suka fi hazaƙa a kan kai su makarantar fāda. Haka aka ɗauke yaron nan daga hannun iyayensa.

Abin da ya ƙara ba mu mamaki shi ne, maginin da ya tsara gadar shi ma hanyar nan ya biyo. Sinan ke nan, shugaban maginan sarki, wanda ya gina babban masallacin Sulaimanu a Istambul da na Salim a Edirne. An ɗauko shi daga wani ƙauyen Kirista kusa da Kaisari cikin ƙasar Anatoliya. Ashe wanda ya ba da kuɗi da wanda ya zana ginin, dukansu biyu an raba su da uwayensu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu gaba ɗaya. A fādar Kano ta ƙarni na 19 akwai bayin sarki masu sarauta, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda 'ya'yan sarauta da kansu su ke shakka. Bawa ya kan hau doki, ɗa yana tafiya a ƙasa. Da yawa cikin masu karanta wannan takarda kuma jikokin mutanen da aka kai wa hari ne, waɗanda suka hau kan duwatsu suka kewaye ƙauyukansu da ƙerana domin tsoron mahaya.

To, ga gada. Shekara fiye da 400 tana ɗauke da fatake da amare da masu kai gawa, da tumaki da sojoji. A 1896 ruwa ya yi ambaliya irin wadda ba a taɓa gani ba, ya haura bisa kanta ya rufe ta ɗungum, ya share gidaje da yawa a garin. Da ruwa ya janye sai ga ta tsaye. Mata nawa ne suka kai ga ungozoma a kan lokaci saboda ita, mutane nawa ne ba su nutse ba? Ba mai iya ƙirgawa sai Allah. Mehmed kuma bai manta da danginsa ba. A 1557, yana cikin manyan fāda, aka maido wa Ekklesiyar Sabiyawa da kujerar shugabancinta a garin Pec, wadda ta daɗe a rushe, wanda aka naɗa kuwa ɗan'uwansa ne, Makariye. Ɗaya yana waziri a Istambul yana salla, ɗaya yana shugaban ekklesiya, jini ɗaya.

A nan ne mai saurin magana zai ce, “Ai shi ke nan. Da ba a ɗauke yaron ba, da ya ƙare yana kiwon awaki a kan dutse, ba gada, ba kujerar ekklesiya. Waɗanda suka ɗauke shi gata suka yi masa.” Maganan nan tana da daɗin ji, har tana kama da bangaskiya, gama mai yin ta ya kan ƙara da cewa nufin Allah ne. Gaskiya ne kuma an sami iyaye matalauta a wancan zamani da suka so a ɗauki 'ya'yansu domin su sami ɗaukaka. Amma mu ba mu yarda da ita ba, za mu kuwa faɗi dalili.

Mai wannan magana ya ƙirga mutum ɗaya ya bar dubbai. Yaran da aka tattara cikin shekara fiye da 200 ba su zama waziri duka ba. Da yawa sun mutu a bakin dāga a ƙasashen da ba su san sunansu ba, suna yaƙi domin sarkin da ya raba su da gida, wani lokaci ma da mutanen da suka haife su. Ba wanda ya kafa musu allon dutse. Akwai iyayen da su kan yi wa yaro aure tun bai isa ba, ko su ɓoye shi a jeji, domin kada a tafi da shi; wanda ya ke ganin abu gata ne ba ya ɓoye ɗansa daga gare shi. Idan za a auna al'adan nan da adalci, sai a sa dukan yaran a ma'auni, da dukan uwayen. Mu 'yan adam muna da halin duban wanda ya tsira mu manta da waɗanda ruwa ya ci, domin wanda ya tsira shi ne ya ke da bakin ba da labari.

Amma ko da a ce dukansu sun zama waziri, maganar ba ta tsaya ba. Manzon sarki da ya shiga ƙauyen Sokolobici ba gada ya ke nufi ba. Bawa ya ke nema wa ubangidansa. Ba a lissafta wa mutum ladan abin da bai nufa ba, bai kuwa sani ba. Idan ɓarawo ya sace maka akuya da dare, ka fita neman ta, kana waje sai soron da ka ke kwana ciki ya rufta, ka tsira da ranka. Za ka gode wa Allah, amma ba za ka kai wa ɓarawon goro ba. Ɓarawo ne har yanzu, akuyar kuma taka ce.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalin da ya fi kowane. Yusufu yaro ne da aka sayar, ya zama na biyu ga Fir'auna, ya ceci ƙasashe daga yunwa, har da waɗanda suka sayar da shi. Labarinsa da na wazirin nan sun yi kama ƙwarai. Amma a duba sura ta 50 ta Farawa da kyau, sa'anda 'yan'uwansa suka zo suna rawar jiki bayan rasuwar Yakubu. Yusufu ya ambaci nufi biyu a cikin al'amari ɗaya, nasu da na Allah, bai kuwa garwaya su ba. Nasu ya kira shi da sunansa, mugunta. Bai ce musu sun kyauta ba. Ya gafarta musu, gafara kuwa ba a yin ta sai inda akwai laifi. Da alherin da ya biyo baya ya riga ya wanke su, da babu abin gafartawa. Haka kuma Ubangijinmu, a daren da aka bashe shi, ya nuna mutuwarsa ƙaddararriya ce, duk da haka bai sauke nauyin daga kan Yahuza ba. Daga gicciye ne cetonmu ya fito, amma babu ekklesiyar da ta taɓa sa Yahuza cikin waɗanda a ke gode musu. Manzo Bulus ma, cikin sura ta 3 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya tsawata wa masu tunanin a yi mugunta domin nagarta ta fito.

Muna daɗewa a kan wannan domin abin ya shafe mu cikin gida. Akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama aka sayar. Ya sami 'yanci a hannun Turawa matafiya, ya bi Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani mai bishara, Schön, wanda ya rubuta Hausa daga bakinsa, ya yi littattafan nahawu da ƙamus, ya kuma juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu, tun da daɗewa kafin a buga cikakken Littafin a 1932. Watau cikin tushen Littafin da mu ke riƙewa ran Lahadi akwai muryar yaron da aka sace. Haka Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama a 1821 ya zama bishop a 1864. Mun sha ji daga bagade ana cewa, “Da ba domin bauta ba, da ba mu sami Crowther ba,” ko kuwa, “Da ba domin bindigar Turawa ba, da bishara ba ta hau dutsen nan ba.” Mai wa'azi yana nufin ya girmama hikimar Allah, amma in bai yi hankali ba sai ya ƙare yana wanke mai hari. Allah ba ya rasa hanya. Wanda ya iya ta da 'ya'ya ga Ibrahim daga duwatsu ba ya bukatar a sace ɗan kowa kafin ya aiko da maganarsa. Ya juya abin da mugaye suka yi, wannan ikonsa ne da jinƙansa. Su kuwa suna da amsar da za su bayar.

Sai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi kama masu himma. Su kan ce, “In haka ne, gadar haram ce. Da dukiyar yaƙi aka gina ta, mai ginin kuwa ya bar bangaskiyar iyayensa, ya jagoranci rundunoni zuwa ƙasashen Kirista.” Gaskiya ne ya yi yaƙi, yana tare da Sulaimanu a Hangari a 1566 sa'anda sarkin ya mutu a sansani, shi ne ma ya ɓoye mutuwar har magaji ya kama mulki. Gadar kuma ta yi wa sojan daula amfani kamar yadda ta yi wa talaka. Amma in za mu ƙi taka duk abin da hannu mai laifi ya gina, ina za mu sa ƙafa? Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, da aikin tilas aka yi yawancinta, hakimai suna ɗiban mutane daga gonakinsu. A shekarun 1942 zuwa 1944 an ɗebo dubban mutane aka kai su haƙar kuza a kan dutsen Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Majami'u nawa ne aka rufa da kwano daga kuɗin kuza? Haikalin Sulemanu kansa, bisa ga sura ta 5 ta littafin Sarakuna na Fari, sai da aka ɗebi mutum 30,000 aikin tilas domin katakonsa, Allah kuwa ya yarda a kira sunansa a can. Duniyan nan babu tsattsarkan dutse a cikinta. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu taka gadar da sani, muna tunawa da waɗanda suka ɗauki duwatsun, waɗanda ba a rubuta sunansu a allo ba.

Game da mutumin kansa kuma, muna ganin ya cancanci godiya, ba ma jin nauyin faɗin haka a takardar ekklesiya. Ba shi ya zaɓi a ɗauke shi ba. Amma sa'anda iko ya zo hannunsa, shi ya zaɓi abin da zai yi da shi. Yana iya mantawa da ƙasar da ta kāsa tsare shi, kamar yadda da yawa suka yi. Sai ya aika da dukiyarsa can, ya ɗaure gāɓa biyu na kogin ƙuruciyarsa, bai kuwa sa mai gadi a bakin gadar yana tambayar addinin mai wucewa ba. A sura ta 7 ta Luka dattawan Yahudawa sun zo wurin Yesu suna roƙo domin wani jarumin soja, baƙo mai yi wa masu mulkinsu aiki, suka shaida shi ne ya gina musu majami'a. Yesu bai ce a rushe majami'ar ba. Ya tashi ya bi su. Alheri danƙo ne, in ji Hausawa, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ba a kuwa ce sai na wanda mu ke sujada tare da shi ba. A watan Yuni na 2018, a wani ƙauye na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 cikin masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Wanda ya ji wannan bai iya cewa “Allah ya sāka masa” da zuciya ɗaya ba, sai ya binciki kansa.

Wazirin bai daɗe ba bayan an gama ginin. A 1579 wani ya soke shi da wuƙa a Istambul, ya mutu. Daular ta yi ta raguwa, Ostiriya ta karɓi Bosniya a 1878. A yaƙin duniya na fari aka fasa bakuna 3 na gadar, a na biyu aka lalata 5, aka sāke gina su a farkon shekarun 1950. Wani marubuci da ya yi ƙuruciyarsa a garin, Ivo Andric, ya buga littafi a kanta a 1945, ya sami kyautar Nobel a 1961, sunan gadar ya zaga duniya. Mutane suka riƙa ambatonta kamar alamar zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista.

Da za mu iya tsayawa a nan da mun so. A ƙidayar 1991 mutanen gundumar Bishegrad sun kai wajen 21,000, kusan kashi biyu cikin uku Musulmi, sauran galibi Sabiyawa 'yan Otodoks. Harshensu ɗaya, kamanninsu ɗaya, makarantarsu ɗaya. A 1992, da ƙasar Yugoslabiya ta wargaje, mayaƙan Sabiyawa suka kama garin. Cikin watannin Mayu da Yuni da Yuli aka kashe Musulmin wurin fiye da 1,000, sauran aka kore su. Shaidu sun faɗa a gaban kotu yadda a ke kawo mutane kan gadan nan, a kashe su, a jefa su cikin Dirina. Ran 14 ga Yuni aka kulle mutum fiye da 50 cikin wani gida, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, aka sa wuta. Ran 27 ga wata aka sāke yin haka a wata unguwa. Kotun duniya da ke Heg ta yanke wa shugaban masu wannan aiki, Milan Lukic, ɗaurin rai da rai a 2009. Shi ɗan ƙasar ne, waɗansu cikin waɗanda ya kashe sun san shi tun yana yaro. A 2010, da aka rage ruwan wani tafki a ƙasa da garin domin gyaran madatsa, aka yi ta tsintar ƙasusuwan mutane cikin laka.

Dole mu faɗi abin da ke da wuyar faɗi. Waɗanda suka yi wannan, da sunan Kirista a ke kiransu. Za mu iya cewa ba masu bi na gaskiya ba ne, haka ne kuwa, gama wanda ya san Almasihu ba ya ƙone jariri. Amma kada mu yi saurin fakewa a nan, tun da ba ma yarda maƙwabcinmu Musulmi ya fake da irin wannan amsa sa'anda nasa suka yi ɓarna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sun girma suna jin ƙararrawar majami'a, suna ƙetare gadar kowace rana tare da waɗanda suka kashe.

Da me suka ƙarfafa zuciyarsu? Da tsohon bashi. Suna kiran maƙwabtansu “Turkawa”, suna tuna shekaru ɗaruruwa na mulkin Istambul, da yaran da aka tattara, da kuma Sabiyawan da aka kashe a bakin kogin nan a yaƙin duniya na biyu. Abubuwan nan sun faru, ba ƙarya ba ne. A yaƙin nan an zub da jinin kowane ɓangare a ƙasar Dirina. Amma wanda aka jefa daga gada a 1992 bai ɗauke ɗan kowa ba. Ba Baturke ba ne ma. Jikan mutanen ƙasar ne da suka musulunta, mai yiwuwa kakansa da kakan mai kashe shi uwa ɗaya ta haife su. Annabi Ezekiyel ya ƙare wannan shari'a tun tuni cikin sura ta 18, inda Ubangiji ya hana a ɗora wa ɗa alhakin ubansa. Mun ce alherin da ya biyo baya bai biya bashin mugunta ba. To, wa zai biya? A nan ne Shaiɗan ya ke jira, ya nuna maka ɗan maƙwabci ya ce, ga mai biya. Bashin gaskiya ne, amma wanda ya ci shi ya mutu shekara 400 da suka wuce, yana gaban Mai shari'a wanda ba ya kuskure. Wanda ya ce zai karɓa daga hannun jikoki bai rage kome daga tsohon bashin ba, sabo ya ci, jikokinsa kuma za su gāji tsoron masu zuwa karɓa.

Gada dai ba ta sulhunta kowa. Dutse ne, tana ɗaukar amarya, tana ɗaukar mai kisa, ba ta tambaya. Mu da ke wannan ƙasa mun san haka. A Kaduna akwai gada a kan kogi tun zamanin Turawa, amma bayan tarzomar Fabrairu 2000 da ta Nuwamba 2002 mutane da yawa suka kwashe kayansu, Kirista suka koma kudu da kogin, Musulmi suka koma arewa, har gadar da aka yi domin haɗa gari ta zama kamar iyaka. Jos ma ta ga irin wannan rabuwar unguwanni bayan 2001. Yaran da aka haifa bayan haka sun girma ba su taɓa cin tuwon salla ko shinkafar Kirsimati a gidan juna ba, abin da suka sani game da ƙetaren kogi kuwa daga bakinmu suka ji shi.

Saboda haka muna roƙon dattawan ekklesiya da iyaye su lura da yadda a ke ba da labarin hari. Ba mu ce a ɓoye shi ba. Yaro ya kamata ya san dalilin da ya sa kakanninsa suka zauna a kan dutse, ya san sunan waɗanda aka tafi da su in ana tunawa, ya san abin da aka yi wa garinsu a shekarun nan na kusa. Ɓoyewa ma wata mugunta ce ga matattu. A Bishegrad, a 2014, hukumar gari ta aika aka kankare kalmar da ke nufin kisan ƙare dangi daga dutsen tunawa da ke maƙabartar Musulmi, wannan kuwa bai warkar da kowa ba. Amma akwai bambanci tsakanin mai ba da labari domin a yi makoki a gode wa Allah da ya bar saura, da mai ba da shi yana nuna gidan wani da baki. Yaro ya kan gane wanne a ke yi masa, ko ba a faɗa ba. Mai ba da labarin mahaya kuma, in yana da gaskiya, sai ya haɗa da na waɗanda suka ɓoye mu, da kuma ranar da namu suka tare hanya suka tambayi matafiyi sunansa.

A 2007 hukumar UNESCO ta sa gadar cikin kayan tarihi na dukan duniya, baƙi suna zuwa daga nesa su zauna a dakalin tsakiya a ɗauke su hoto. A ƙidayar 2013 Musulmin gundumar ba su wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Sau ɗaya a shekara waɗanda suka tsira su kan zo daga Sarayebo da waɗansu garuruwa, su tsaya a kan gadar da ɗan ƙasarsu ya gina, su yi addu'a, su zuba furanni 3,000 cikin Dirina domin matattunsu, kafin yamma kuma yawancinsu sun koma inda su ke zaune yanzu.